SAƘAR SAFA DA HANNU: ABIN SHA'AWA MAI AMFANI

Wannan shi ne jawabin da malamar sana'ar hannu ta yi wa ɗaliban ajin manya gab da shigowar hunturu. Mun kawo muku shi dukansa, domin waɗanda ba su samu halarta ba su ma su amfana.



Maganarmu ta yau a kan safa ce, watau safar ƙafa wadda mutum zai saƙa da hannunsa. Na san wani zai ce a ransa, "Safa kuma? Ai ga ta nan tuli a kasuwa." Gaskiya ne. Ta kasuwa tana da araha, kuma ba ta cin lokacin kowa. Amma duk da haka akwai mutane masu yawa a duniya da suke zama su saƙa tasu, don sha'awa kawai. Zan gaya muku dalilinsu. Zan gaya muku kayan aikin, da yadda ake awo, da yadda ake saƙar tun daga baki har zuwa yatsu. Zan kuma faɗi abin da wannan aiki ba zai iya yi muku ba, domin kada wani ya zuba kuɗinsa ya yi asara.

Wanda yake da fensir da takarda ya fito da su. Akwai lambobin da za mu rubuta.

DAGA INA SAƘAR SAFA TA FITO?

Da yawanmu muna ɗauka cewa Turawa ne suka fara ta. To, tsofaffin safa da suka fi shahara a duniya, a nahiyarmu ta Afirka aka tono su, a ƙasar Masar. Wasunsu sun kai shekara 1,600. An yi su da zaren ulu, da allura guda ɗaya. An raba wurin babban yatsa daban, domin mutum ya iya saka takalmi mai igiya a tsakanin yatsu, irin silifas ɗinmu na yau. Ana ajiye da wasu daga cikinsu a gidajen kayan tarihi na birnin Landan.

Irin saƙar da muke yi yanzu da kibiyoyi, ita ma tsofaffin misalanta a Masar aka same su. An yi su tsakanin shekarar 1000 da 1400. Da zaren auduga aka saƙa su, fari da shuɗi, shuɗin kuwa na baba ne, irin wanda marina suke rini da shi. Daga baya sana'ar ta bayyana a ƙasar Sifen, kana ta bazu cikin sauran ƙasashen Turai.

A shekarar 1589 wani mutumin Ingila mai suna William Lee ya ƙera injin saƙa safa. Duk da haka saƙar hannu ba ta mutu ba. A wani ƙauye mai suna Dent a arewacin Ingila, maza da mata da yara duk masaƙa safa ne a zamanin da. Suna tafiya suna saƙa. Da dare su taru a gidan mutum ɗaya, su kewaye wuta, ana hira ana saƙa. Da kuɗin safar suke cike giɓin abin da noma bai kawo ba.

A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, sojoji sun yi ta kwana cikin ramuka masu ruwa da laka da sanyi. Ƙafafun da yawa daga cikinsu suka lalace, har aka yanke wa wasu. Babbar rigakafin ita ce a busar da ƙafa, a riƙa sauya busasshiyar safa. Sai mata da 'yan makaranta suka duƙufa ga saƙa. Daga ƙasar Ostireliya kaɗai an aika wa sojoji safa fiye da miliyan ɗaya, biyu-biyu.

Yau injuna sun karɓe kasuwa. Masu saƙa da hannu a ƙasashen Turai da Amurka, yawancinsu don jin daɗi suke yi. Kuma ba mata kaɗai ba. A wasannin Olamfik da aka yi a birnin Tokiyo a shekarar 2021, duniya ta ga wani ɗan wasan ruwa na Ingila mai suna Tom Daley zaune cikin 'yan kallo yana saƙa. Saboda haka iyayena maza, kada ku ce aikin mata ne. Ai a wurinmu ma maza ne masaƙa, maza ne masu ɗinkin babbar riga. Hannun da ya iya aikin hula, kibiya ba za ta gagare shi ba.

ME YA SA MUTUM ZAI WAHALAR DA KANSA?

Dalili na farko, safar hannu daidai ƙafar mai ita ake yin ta. Ta kasuwa kuwa awo ɗaya ake yi wa mutane da yawa. Ta matse wannan, ta yi wa wancan yawa.

Dalili na biyu, hunturu. Kun san yadda sanyin asuba yake a watan Disamba da Janairu. Kun san yadda iska take busar da fata, dunduniya ta yi kaushi, har ta kai ga faso. Wanda ya wanke ƙafarsa da dare, ya shafa man kaɗanya, ya saka safa, zai ga bambanci.

Dalili na uku, jarirai. Jariri sabon haihuwa yana saurin yin sanyi fiye da babba, balle bakwaini. Ma'aikatan lafiya suna so zafin jikinsa ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. In ya sauka ƙasa da haka, akwai hatsari. Babban abin da ke ɗumama shi shi ne jikin uwarsa, a kwantar da shi a ƙirjinta fata da fata, a lulluɓe su tare. Hula da safa suna taimakawa, domin kai da ƙafa sukan fito waje.

Dalili na huɗu, kwanciyar hankali. Bayan an gama aikin gona, an kai amfani gida, akwai lokacin da hannu yake zaune. Saƙa ba ta hana hira, ba ta hana jin rediyo. Aikin ƙarami ne, yana shiga jaka. Ana iya yin sa a layin asibiti, ko a tasha ana jiran mota ta cika.

KAYAN AIKI

Kayan ba su da yawa. Ku rubuta:

1. Zare.
2. Kibiyoyin saƙa guda 4, masu tsini baki biyu. Wasu suna ce musu tsinke.
3. Tef ɗin awo, irin na tela.
4. Almakashi.
5. Babbar allura mai faɗin kafa, marar kaifi.
6. Ɗan littafi da fensir.

Bari mu ɗan tsaya a kan zare, domin a nan ake yawan cin mutum. Duk zaren saƙa mukan ce masa ulu. Amma ulu na gaskiya gashin tumaki ne. Tumakinmu na nan, irin su Uda da Balami da 'Yankasa, ba su da irin wannan gashi. Gashinsu gajere ne, ba ya kaɗuwa. Masu ulu wasu iri ne daban, kamar Marino, wadda asalinta daga Sifen ne, yanzu kuma aka fi kiwonta a Ostireliya. Shi ya sa ulu na gaskiya yake da tsada a wurinmu. Yawancin abin da muke gani a kasuwa zaren roba ne da ake kira akirilik.

Yaya za ki gane su? Ki yanki ɗan guntu, ki kusanta shi da ashana. Ulu na gaskiya yana warin ƙonannen gashi, in ya huce ki murza shi sai ya zama gari. Zaren roba narkewa yake yi, ya dunƙule ya yi tauri kamar ƙonanniyar leda. Auduga kuwa tana warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi.

Kowanne da halinsa. Ulu yana da ɗumi, yana shan gumi sosai ba tare da ƙafa ta ji damshi ba. Amma shi kaɗai yana saurin ɓulewa a dunduniya. Shi ya sa masu yin zaren safa na musamman sukan haɗa kashi 75 na ulu da kashi 25 na nailan. Zaren roba yana da araha, yana da sauƙin wanki, amma yana sa gumi, kuma ba ya shiri da wuta. Auduga tana da daɗi a lokacin zafi, sai dai ba ta talewa, takan saki ta zube a idon sawu.

Mai koyo ta fara da zaren da ta samu a kasuwarsu. Ta zaɓi matsakaicin kauri, mai haske, domin a baƙin zare ba a ganin kuskure. Safar babba za ta ci kamar giram 100 zuwa 150. Ta jariri giram 25 ya isa. Ki sayi zaren duka lokaci ɗaya. In kika koma daga baya, launin yana iya bambanta.

Kibiya kuwa, ta matsakaicin zare ita ce mai kaurin milimita 3 da rabi. In babu a kasuwarku, ana iya fiƙe ta daga gora, ko a samu tsinken tsire mai kauri. Tsawonta ya kai inci 7 ko 8. A fiƙe baki biyu, a goge da sanfefa har ta yi sumul, kana a shafa mata kyandir. Dukansu huɗu kaurinsu ya zama ɗaya.

KALMOMIN DA ZA MU YI AIKI DA SU

Kowace 'yar maɗauka ta zare da take zaune a kan kibiya, za mu kira ta ido, kamar idon raga.

Saƙa iri biyu ce kawai. Akwai saƙar gaba. Zare yana bayan aiki, ki soka kibiya cikin ido, ki naɗa zare, ki jawo sabon ido, ki saki tsohon. Akwai saƙar baya. Ita kuma zare yana gabanki, ki soka kibiya ta gaban ido daga dama, ki naɗa, ki tura sabon ido baya.

Ƙetarar da ido shi ne ki mayar da shi kan ɗaya kibiyar ba tare da kin saƙa shi ba. Haɗe ido shi ne ki saƙa biyu lokaci ɗaya su zama ɗaya.

Waɗannan abubuwa, gani ya kori ji. Bayan jawabi za mu zauna biyu-biyu, wadda ta iya ta kama hannun wadda ba ta iya ba.

AWO KAFIN SAƘA

Wannan shi ne wurin da masu gaggawa suke tsallakewa, daga baya su warware aikin mako guda. Hannun kowa daban ne. Wata tana matse zare, wata tana sassautawa. Saboda haka lambar da ta yi wa maƙwabciyarki daidai ba lalle ta yi miki ba.

Da farko ki saƙa ɗan ƙyalle na gwaji, mai faɗin tafin hannu. Ki shimfiɗa shi, kada ki ja shi. Ki ɗora tef, ki ƙirga ido nawa ne a cikin inci ɗaya. Alal misali, a ce kin samu ido 6.

Na biyu, ki auna kewayen ƙafar mai safar a wurin da ta fi faɗi, watau gindin yatsu. A ce kin samu inci 9.

Na uku, ki yi sau: 9 sau 6, 54 ke nan.

Na huɗu, ki cire kashi ɗaya cikin goma, domin safa ta kama ƙafa. Kashi ɗaya cikin goma na 54 kamar 5 ne. An bar 49.

Na biyar, ki nemi lamba mafi kusa wadda take rabuwa gida 4 ba saura. Ita ce 48.

To, ido 48 za ki ɗora. Ki rubuta a littafinki, tare da sunan mai safar da tsawon ƙafarsa daga dunduniya zuwa babban yatsa.

A FARA DA TA JARIRI

Kafin ta babba, ina ba ku shawara ku fara da safar jariri marar dunduniya. Tana da sauƙi, kuma cikin kwana biyu ko uku an gama.

Ki ɗora ido 24. Ki raba su a kan kibiya 3, kowacce ido 8. Ki haɗa su su zama kamar murhu mai duwatsu uku. Kibiya ta huɗu ita ce ta aiki. Kafin ki haɗa, ki duba da kyau kada layin ya murɗe. In ya murɗe, babu gyara sai warwara.

Ki riƙa yin gaba 2, baya 2, kina zagayawa, har tsawon ya kai inci 5. Wannan saƙa tana talewa kamar roba, ita da kanta za ta bi siffar ƙafa. Daga nan ki haɗe ido biyu-biyu, su koma 12. Ki yi zagaye ɗaya na saƙar gaba. Ki sake haɗe biyu-biyu, su koma 6. Ki yanke zare da ɗan tsawo, ki zura shi a allura, ki bi da shi cikin ido 6 ɗin nan, ki ja ki tsuke. Ki ɓoye bakin zaren. Shi ke nan, kin saƙa safa.

SAFAR BABBA MAI DUNDUNIYA

Yanzu mu koma ga ido 48 ɗinmu. Safa gaɓa biyar gare ta: baki, ƙwauri, dunduniya, tafi, da yatsu.

Baki. Ki ɗora ido 48, amma da sassauci, domin in bakin ya matse, ƙafa ba za ta shiga ba. Ki raba 16 a kan kowace kibiya. Ki yi gaba 2, baya 2, har inci 2.

Ƙwauri. Ki ci gaba da saƙar gaba zalla har ki ƙara inci 5. Ki riƙa jan zare da ɗan ƙarfi duk lokacin da kika tashi daga wata kibiya zuwa wata. In ba haka ba, za ki ga wata 'yar hanya ta buɗe a wurin.

Dunduniya. A nan ne masu koyo suke jin tsoro, alhali lissafi ne kawai. Ki tara rabin idanun, watau 24, a kan kibiya ɗaya. Sauran 24 su huta a kan kibiya biyu. Waɗannan 24 na farko za ki riƙa saƙa su je-ka-ka-dawo, ba zagaye ba. Layin waje saƙar gaba, layin ciki saƙar baya. A farkon kowane layi ki ƙetarar da ido ɗaya. Ki yi layi 24. Za ki ga wani ɗan harshe ya fito, gefensa biyu kamar sarƙa, kowane gefe da ɗauri 12.

Sai lanƙwasa. Ki raba ido 24 gida uku a zuciyarki: 8 dama, 8 tsakiya, 8 hagu. Na tsakiya su ne za su riƙa cinye na gefe ɗaya bayan ɗaya. Ga yadda ake yi. Ki saƙa gaba 15, ki haɗe biyu, ki juya aikin, ko da yake layin bai ƙare ba. Ki ƙetarar da ɗaya, ki saƙa baya 6, ki haɗe biyu, ki juya. Ki ƙetarar da ɗaya, ki saƙa gaba 6, ki haɗe biyu, ki juya. Haka za ki yi ta yi har na gefe su ƙare, a bar ido 8. Ki duba hannunki. Za ki ga ɗan ƙoƙo ya fito, daidai mazaunin dunduniya.

Yanzu za a koma zagaye. Ki saƙa ido 8 ɗin nan. Ki tsinto ido 12 daga sarƙar gefe ɗaya. Ki saƙa 24 da suka huta. Ki tsinto 12 daga ɗaya gefen. Mu ƙirga tare: 8 da 12 da 24 da 12, 56 ke nan. Sun fi 48 da guda 8. Wannan ƙari shi ne yake ba idon sawu wuri. Za ki rage su a hankali. A zagaye ɗaya ki haɗe biyu a gefen dama, ki haɗe biyu a gefen hagu, dab da inda idanun saman ƙafa suka fara da inda suka ƙare. Zagaye na biye kada ki rage. In kin rage sau 4, kin dawo 48.

Tafi. Saƙar gaba zalla. Ki riƙa gwadawa da awon da kika rubuta. Ki tsaya idan saura inci 2 ki kai tsawon ƙafar.

Yatsu. Ido 24 na sama, 24 na ƙasa. Ki haɗe biyu a farkon na sama da ƙarshensu, haka ma na ƙasa. Ido 4 ke nan suka ragu a zagaye ɗaya. Zagaye na biye ki wuce ba ragi. Ki yi haka har su koma 24. Daga nan ki riƙa ragewa a kowane zagaye har su koma 8. Ki yanke zare, ki bi da shi cikinsu da allura, ki tsuke.

Saura abu ɗaya. Ƙafa biyu ce. Masu saƙa a ko'ina sun san wannan ciwo: a gama ta farko da murna, ta biyu ta shekara a cikin jaka. Maganinsa, ki ɗora ta biyu a ranar da kika gama ta farko. Kuma ki riƙa ja wa kowane zagaye layi a littafinki, domin su biyun su zo daidai.

ABUBUWAN KIYAYEWA

Ina roƙon ku ku saurari wannan da kyau, domin ya shafi lafiya.

Na ɗaya, safar jariri. Kafin ki saka masa, ki juya cikinta ki duba. Kada a bar sakakken zare ko silin gashi a ciki. Zare yana iya naɗe ɗan yatsan jariri ya hana jini gudu, yatsan ya kumbura. In jariri yana ta kuka ba ki san dalili ba, ki cire safar ki duba yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. In kin ga yatsa ya kumbura, zare ya nutse cikin fata, ki garzaya asibiti. Kada kuma a ɗinka wa safar jariri maɓalli ko dutsen ado, yana iya cirewa ya haɗiye.

Na biyu, masu ciwon suga. Da yawansu ba sa jin ƙafarsu sosai. Ɗan ƙulli a cikin safa yana iya goge fata ya zama gyambo, mai shi bai sani ba. In za ki saƙa wa mai wannan ciwo, kada ki ƙulla zare, kada bakin ya matse. Ki zaɓi farin zare ko mai haske, domin in akwai jini ko ruwa a gani da wuri. Shi kuma ya riƙa duba ƙafarsa kullum.

Na uku, wuta. Zaren roba yana narkewa ya manne da fata. Wanda yake sanye da irin wannan safa kada ya miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta. Yara musamman a lura da su.

Na huɗu, kibiya tana da tsini. In kin tashi, ki saka aikin a jaka ki rataye inda hannun yara ba ya kai. Kada a bar ta a kan tabarma.

Na biyar, safar da ta kwana a ƙasa ko cikin takalmi, a kakkaɓe ta kafin a saka. Kunama tana son irin wannan wuri.

Na shida, jikinki. Ki yi saƙa da rana ko a wuri mai haske. In wuya ko yatsu sun fara ciwo, ki ajiye ki miƙe ki ɗan zagaya.

WANKI DA AJIYA

Ulu na gaskiya ba ya son ruwan zafi, ba ya son cuɗa. In kin yi masa haka zai tsuke, safar uba ta koma ta ɗa, kuma ba ta dawowa. Ki jiƙa ta a ruwan sanyi da sabulu kaɗan, ki matsa a hankali, ki ɗauraye. Kada ki murɗe ta. Ki shimfiɗa ta a inuwa ta bushe. Ta roba ta fi jure wanki, amma ita ma kada dutsen guga ya taɓa ta.

In hunturu ya wuce, ki wanke ta, ta bushe sarai, kana ki ɗaure ta cikin leda. Asu yana cin ulu, kuma ya fi son mai datti.

Ki ajiye ragowar zaren kowace safa. Da kin ga dunduniya ta fara sirancewa, ki bi wurin da allura kafin ya ɓule. In yatsu ne suka mutu, ki yanke su, ki tsinto ido 48 ɗinki, ki saƙa sababbi. Wannan gata ne da safar kasuwa ba ta da shi.

MAGANAR KUƊI

Na san wasunku suna tambaya a zuci, "Malama, za a ci abinci da wannan?" Bari mu yi lissafi. Safar babba irin wadda na bayyana, ƙafa biyu, tana da ido wajen 13,000. In kina saƙa ido 20 a minti ɗaya, kusan awa 11 ke nan. Mai koyo za ta fi haka daɗewa. Inji kuwa cikin 'yan mintoci yake fitar da tasa. Saboda haka ba za ki iya karya farashi da mai inji ba, balle da mai gwanjo. Kada wadda ta ci bashi ko ta kwashe kuɗin adashinta ta sayi zare da yawa, da nufin za ta cika kasuwa da safar manya. Za ta yi asara.

Inda ake ɗan samu shi ne kayan jarirai. Zaren kaɗan ne, aikin gajere ne, kuma ba a rasa suna a gari. Hula da safa masu launi ɗaya kyauta ce mai fita kunya ranar barka. In za ki sayar, ki rubuta kuɗin zare, ki rubuta awannin da kika yi, kana ki yanke farashi. Kuma ki jira a ba ki aiki kafin ki sayi zare mai yawa.

Safar manya kuwa, ki yi ta don gida. Ki yi wa tsohuwarki da take kuka da sanyin asuba. Ki yi wa maigida mai fita fadama tun duku-duku. Ki yi wa ɗanki da yake makarantar kwana.

KAMMALAWA

Jama'a, layin farko zai karkace. Ido zai zame daga kibiya, wani wuri ya matse, wani ya saki. Kowa haka ya fara. Zare ba ya fushi, in kin warware shi sai ki sake. Awa ɗaya a rana ta isa. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

Ga aikin da zan ba ku. Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowa ya samo kibiya 4 da ɗan zare. Kowa ya saƙa ƙyallen gwaji, ya ƙirga idon da ke cikin inci ɗaya. Kowa ya auna ƙafar mutum ɗaya a gidansu, ya yi lissafin nan na matakai biyar, ya rubuta lambar da ya samu. Ku zo da littattafanku mu duba tare, daga nan sai mu ɗora safar jariri.

Mai tambaya yanzu ya ɗaga hannu. Allah ya kai mu hunturu lafiya, ya fitar da mu lafiya.